Mushen Ɓera a Zango

Da hantsi muka bar Kano. Muka bi ta Kazaure da Daura, muka ƙetare iyaka, muka wuce Matamaye, ba mu shiga Damagaram ba sai bayan la'asar. Lokacin hunturu ne, hazo ya lulluɓe duwatsun Birni, tsohuwar unguwar garin.

A unguwar Zango na sauka, gidan kawuna, tsohon ma'aikacin lafiya da aiki ya taɓa kaiwa Madagaska. Da safe muna shan kunu a zaure sai wani jikansa ya fito daga ɗakin hatsi riƙe da mushen ɓera ta wutsiya. Kawu ya miƙe zumbur, ya ce a yar, a kawo shebur.

"Kawu, Allah ya ba ka haƙuri, ɓera ne fa," in ji ni.

"Ɗana, ba ɓeran nake tsoro ba, ƙumar da ke jikinsa. Da gawar ta huce sai ta nemi wani jinin."

Nan ya ba ni labarin annobar ɓeraye. Ƙuma ce ke ɗauko ƙwayar cutar daga ɓera ta sa wa mutum, sai zazzaɓi mai zafi, sai kaluluwa a matsematsi ko hammata ko wuya. Wani likita, Yersin, ya gano ƙwayar a Hong Kong a 1894, ta kuma shiga Madagaska ta jirgin ruwa a 1898. Tana jin magani in an kai mutum asibiti da wuri.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lokacinta. A Mahajanga, wani birnin bakin teku mai zafi a Madagaska, ta ɓarke shekara huɗu a jere, daga 1995 zuwa 1998, kuma kullum a watannin sanyi da rani, wajen Yuli zuwa Nuwamba. Amma a kan tsaunukan ƙasar sai da damina take tashi, Oktoba zuwa Afrilu. Ƙasa ɗaya!

Ban yi mamaki sosai ba, don mu ma mun san sanƙarau: ya zo da ƙura da zafin bazara, ruwan farko ya kwantar da shi.

Ranar Alhamis na shiga Kasuwar Dole sayen gero. Mai awo yana ta ciniki, ni kuwa idona na ƙarƙashin buhuna.