Zubi na huɗu: baƙin mai ya narkar da ƙarfe

'Yan uwa masu koyo, jiya Asabar Allah Ya nufa ƙarfe ya zama ruwa a murhuna mai aiki da baƙin mai, bayan gwaji uku da na tashi ba komai sai hayaƙi.

Wanda ya saba zubin tukunyar alminiyam kada ya ɗauka abin ɗaya ne. Alminiyam yana narkewa a digiri 660, gawayi da zuga-zugi ma sun ishe shi. Ƙarfen zubi kuwa, irin na gangar birkin mota da tsohon kan inji, sai wajen digiri 1,200 yake sakin jiki, kuma sai an ƙara masa zafi sama da haka kafin ya gudana cikin ƙasar da aka fitar da siffar abin da za a zuba. Gangar birki na sayo a kasuwar Panteka, na farfasa ta da guduma ƙanana-ƙanana. Idan kun fasa kuka ga cikin toka-toka mai tsaki-tsaki, shi ne.

Abin da ya daɗe yana kayar da ni ashe ruwa ne a cikin man. Baƙin man da ake juyewa a gareji yakan zo da ruwa da datti, sai wuta ta riƙa tari tana mutuwa. Wannan karon na bar jarkar ta kwanta mako guda, na tsiyaye na sama, na tace da ƙyalle, na sirka da ɗan kananzir don ya yi saurin bin bututu. Baƙin mai ba ya kamawa a murhu mai sanyi, don haka da itace na fara har bulon ciki ya yi ja, sannan na buɗe famfon mai kaɗan-kaɗan ina ƙara iskar fanka. Baƙin hayaƙi na nufin mai ya rinjayi iska. Da suka daidaita, hayaƙi ya ɗauke, murhun ya kama ruri, cikinsa ya yi hasken da ba a kallonsa sai da gilashin walda.

Murfin murhun gawayi na zuba, siriri. Siffa ta fito tsaf, amma da na sa masa magagari sai ya riƙa zamewa, ko gezau. Na fasa gefe, ciki fari fat. Sirantar ce ta sa ya huce da sauri, ya yi tauri kamar tangaran. Zubi na gaba zan ƙara kauri, in bar shi ya kwana cikin ƙasa.

Roƙona gare ku: a fili ake wannan aiki, hayaƙin baƙin mai guba ne. Ku shimfiɗa busasshen yashi, kada ku zuba a kan siminti, domin danshinsa kan sa ya fashe. Duk guntun ƙarfe da awartaki ku gasa su a bakin murhu tukuna, ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya watso muku narkakken ƙarfe. Takalmin fata, ba silifa ba.

Kaskon narkawata ya fara zaizayewa ta gindi, sai na samo sabo kafin in sake hura wuta.