Ƙaro, auduga da madubin da ba mu da shi

Ranar da na gaya wa mahaifina cewa binciken digirina na uku a kan ƙaro zai kasance, ya daɗe yana kallona kafin ya ce, "Yanzu duk shekarun nan da ka yi a Ngaundare, ƙaro aka koya maka? Ai da ka zauna a rumfata na koya maka kyauta." Ya yi shekaru yana sayen ƙaro daga ƙauyuka yana sayar wa masu fitar da shi waje, kuma da ido da haƙori yake bambanta na dakwara mai tauri da na dushe mai saurin farfashewa, waɗanda 'yan kasuwar Cadi suke kira kitir da talha. Na ce masa, "Baba, abin da ke cikinsa nake so in gani." Bai gamsu ba, amma ya sa mini albarka, ya kuma ba ni ƙullin farko da na yi aiki da shi.

Fannin da nake koyarwa a yau shi ne na polima na halitta, wato sinadarai masu siffar doguwar sarƙa waɗanda tsirrai da dabbobi suke ƙerawa da kansu, kamar selulos na auduga, da sitacin rogo da dawa, da yauƙin kuɓewa da dargaza, da kuma ƙaro. Ilimin ba tsoho ba ne sosai, domin sai a 1920 Hermann Staudinger ya kawo hujjar cewa irin waɗannan abubuwa dogayen sarƙoƙi ne na gaske, kuma manyan masanan zamaninsa sun yi ta musa masa har zuwa lokacin da gaskiyarsa ta bayyana, aka ba shi kyautar Nobel a 1953. Ɗaya ɓangaren aikin kuma shi ne na ƙananan ƙwayoyi da ake aunawa da nanomita. Idan aka raba milimita ɗaya gida miliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita, kuma kaurin gashin kan mutum ya kai kimanin nanomita 80,000. A wannan ƙanƙanta abubuwa sukan sauya hali, har zinariya ta koma ja a cikin ruwa, kamar yadda Michael Faraday ya nuna tun 1857.

Abin da ya fi damuna a wannan aiki, bayan shekarun da na yi a cikinsa, shi ne cewa kayan binciken suna ƙofar gidanmu, amma idon da za a duba su da shi yana wata nahiya. Cadi tana cikin manyan masu fitar da ƙaro a duniya, tana bin bayan Sudan, kuma kamfanin SODECOTON da ke nan Garwa tun 1974 yake tattara audugar manoman arewacin Kamaru. Ƙaron nan yakan tafi ɗanye a buhu, kamfanoni irin su Nexira na Faransa su tace shi su mai da shi gari, sannan ya dawo mana a cikin lemon kwalba da alewa da ƙwayar magani ɗauke da lambar E414. Abin da ya sa ake nemansa shi ne yana riƙe mai a cikin ruwa ba tare da sun rabu ba, kuma wani ƙaramin kaso na ƙaron, mai haɗe da furotin, shi ne yake yin yawancin wannan aiki. Auna wannan kaso daidai yana buƙatar na'urorin da ban taɓa mallaka ba.

Bari in kwatanta da auduga, domin ita ce ta koya mini haƙuri. Fiye da kashi 90 cikin 100 na zaren auduga selulos ne, kuma a cikin zaren akwai wuraren da sarƙoƙin suka jeru tsaf da wuraren da suka harɗe. Idan aka jiƙa audugar da aka wanke a cikin asid na salfa mai ƙarfin kashi 64 cikin 100, a zafin digiri 45, na kusan sa'a guda, asid ɗin yakan cinye harɗaɗɗun wuraren ya bar 'yan sanduna masu tsawon nanomita 100 zuwa 300. Bengt Rånby na Suwidin ne ya buɗe wannan hanya wajen 1950. A takarda abin yana da sauƙi. A gwajina na farko zafin ya zarce ban ankara ba, farar audugar ta koma baƙi kamar ƙanzon tukunya. A wani karon kuma komai ya tafi daidai, na tsayar da asid da ruwan sanyi, sai wuta ta ɗauke ana tsakiyar juya kwalaben a injin da ke raba ruwa da laka, ba ta dawo ba sai washegari. Ranar da na dace, bayan kwanaki ina sauya ruwa don fitar da ragowar asid, na ɗaga kwalbar a gaban taga na ga ruwa mai ɗan shuɗi-shuɗi kamar madarar da aka tsarma sosai. Na san sandunan suna ciki, amma madubin ƙara girman ƙananan abubuwa na yau da kullum ba ya ganinsu, sai madubi mai aiki da ilaktaron, wanda na jira watanni kafin wani abokin aiki a Turai ya sami sararin ɗaukar mini hotonsu.

Wannan jira shi ne yake tsara rayuwar malamin jami'a a fanninmu. A Kamaru ana fara aiki a matsayin mataimaki, sannan a hau matakai uku har zuwa farfesa, kuma kwamitin ƙasa ne yake duba takardun kowa, yayin da abokanmu na Injamena suke bi ta CAMES, hukumar haɗin gwiwar wasu ƙasashen Afirka mai tantance malaman jami'a. Ko ta wace hanya, maƙalun da aka buga a mujallun kimiyya su ne tsani. Saboda haka matashin malami mai azuzuwa cike da ɗalibai yakan nemi abin da zai fito da wuri, kuma babu abin da ya fi ƙwayoyin azurfa sauri: a matse ganyen wani itace, a zuba a ruwan gishirin azurfa, ruwan ya koma ruwan ɗorawa mai duhu, a auna yadda yake shanye haske, a gwada a kan ƙwayoyin cuta, a rubuta. Ni ma na yi, kuma ba na zargin wanda ya yi don ya ciyar da iyalinsa. Sai dai a ganina an yi irin wannan maƙala har ta gundura, ganye kawai ake sauyawa, kuma ban ga manomi ko ɗan kasuwa ɗaya da ta amfana ba.

Aikin da nake ganin ya fi cancanta ba shi da ƙyalli. Ruwan ƙaron dakwara yana karkatar da haske zuwa hagu, na dushe kuma zuwa dama, kuma ƙaramar na'urar da ake auna wannan da ita tana cikin ɗakin bincikenmu. Da ita, da ma'aunin kauri, da tanda, ana iya tantance ƙaron kowane yanki, a gane wanda aka gauraya, a ba mai sayarwa hujjar da zai yi ciniki da ita. Haka kuma tun da dokar hana ledar da ba ta ruɓewa ta fara aiki a Kamaru a 2014, bayan Injamena ta riga mu a 2010, ake neman abin ƙunshi da zai maye gurbinta, kuma leda ta sitacin rogo tana da lalura biyu, wato rauni da shan damshi, waɗanda 'yan sandunan auduga suke ragewa idan aka zuba kaɗan. Ba su warkar da ita gaba ɗaya ba, domin wadda muka yi da rani ta yi laushi da damina ta sauka.

A bana wata ɗalibata ta masta ta zo tana son aikin azurfa saboda ta ji yana saurin ƙarewa. Ta ce, "Malam, shekara ɗaya ce kawai gare ni." Na ba ta ƙulle-ƙullen ƙaro goma sha biyu da ƙanena ya tattaro daga kasuwanni tsakanin Marwa da Kusiri, kowanne da sunan kasuwa da watan da aka saye shi a jikin takarda. Ta gama auna bakwai, kuma biyu daga cikin waɗanda aka sayar mana da sunan kitir sun karkatar da haske zuwa dama.