Ɗigon Ruwa a Fiffiken Jirgina

Kwana uku na yi ina haɗa ɗan jirgin sama na roba mai sikelin 1/72 (wato na gaske ya ninka shi sau 72 a tsawo) a ɗakina a Agege. Ranar fenti, sai ruwa ya yi tsartuwa daga bakin bindigar feshi, ya ɓata mini fiffiken hagu. Abin ya sosa mini rai ƙwarai.

Matsalar daga kwamfuresan da na fara saya ne, wato injin da ke matse iska ya tura wa bindigar. Ba shi da tanki, ba shi da matarar ruwa, ga iskar Legas da damina cike da laima. Da ya matse ta, sai ruwan ya taru a cikin tiyo. Yanzu mai tankin lita 3 gare ni, da matara wadda nake zubar da ruwanta kullum. Iska na fita ba yankewa, ko an ɗauke wuta nakan ƙarasa gefen da na fara. A PSI 18 (ma'aunin ƙarfin iska) nake barin sa.

Bindigar kuwa mai kofi a sama na zaɓa, bakinta milimita 0.3: ka danna iska ta fito, ka ja baya fenti ya biyo. Ƙanena ya ce, "Yaya, ɗauki 0.2 mana." Na ƙi, domin ta fi saurin toshewa idan fentin bai tsinke kamar madara ba.