Muzurunmu da baƙuwar mage

Yau da hantsi na fito tsakar gida na tarar da muzurunmu kwance a gindin randa, yana lasar kan ƙaramar magen da muka tsinto makonni 3 da suka wuce. Na tsaya cak, domin tun ranar da ta shigo bai bari ta kusanci kwanonsa ba. Da ya hango ta sai ya tayar da gashin bayansa ya yi mata huci, da dare kuma ya bi jikin bangon zaure yana fesa fitsari mai ƙarfin wari, wanda da shi muzuru yake shaida wa sauran maguna cewa wurin yana da mai shi. Har na fara tunanin ba wa maƙwabta ita.

Raba musu kwano da wurin kwana kawai muka yi, muka bar su suna sansanar juna daga nesa ba tare da tilas ba. Da ya gama lasar, sai ya goga kumatunsa a wuyanta, kamar yadda yake yi wa ƙafata idan na dawo daga aiki. Na ji daɗi ƙwarai da ban yi gaggawar fitar da ita daga gidan ba.