Dawar da ba ta fid da kai ba

Ran Alhamis na miƙa makullin sito da na babur, na sa hannu a takardar ajiye aiki. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina malamin gona a wannan shiri namu na Sakkwato. Abokan aiki sun matsa in rubuta wani abu saboda yaran da aka ɗauka bana. Cike fom ɗin rabon taki dai ko ba a koya musu ba za su iya. Abin da zan faɗa shi ne zancen dawar nan, wadda duk tsohon ma'aikaci ya san ta, amma ba a tada maganarta sai a teburin mai shayi, shi ma bayan an waiwaya.

Wake ne ya fara sa mana girman kai. SAMPEA 20-T ya shafe kusan shekara goma ana gwada shi a Samaru ta Zariya kafin NBMA, hukumar da ke ba da izinin irin da aka sauya wa ƙwayar halitta, ta amince da shi a farkon 2019, aka kuma ƙaddamar da shi ga manoma a Kano a 2021. An ɗauko ƙwayar halitta daga wata ƙwayar cuta ta cikin ƙasa an saka masa, don tsutsar da ke huda kwanso ta ci ta mutu. Manomin da ya saba feshi shida zuwa takwas ya koma biyu. Mun sha fama da masu cewa yana hana haihuwa, amma da kaka ta yi, rumbu ya yi mana magana. Daga nan in malamin gona ya ce ga sabon iri, sai a miƙo hannu.

A daminar da ta biyo baya ne shugabanmu ya dawo daga wani taro a Abuja da sabuwar kalma a baki: gyaran ƙwayar halitta. Ya tara mu ya ce wannan ba irin na wake ba ne. Na wake faci ne aka yanko daga wani yadi aka ɗinka wa riga, wannan kuwa zare ɗaya tela ya zare daga jikin rigar kanta, ba a kawo komai daga waje ba. Saboda haka, in ji shi, gwamnati ta ce ba GMO ba ne, wato ba irin da aka saka wa baƙuwar ƙwayar halitta ba ne.

Rabin maganarsa gaskiya ce, kuma wannan rabin ne ya kashe ni. Hanyar gyaran ƙwayar halitta da ake kira CRISPR tana nan, Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna suka bayyana ta a 2012, suka karɓi lambar Nobel a kanta a 2020. Dokar da ta kafa NBMA a 2015 an yi mata kwaskwarima a 2019 don ta haɗa har da irin wannan gyara, kuma a Disambar 2020 Najeriya ta fitar da ƙa'idojinsa, ta riga kowace ƙasa a Afirka, Kenya ma sai a 2022 ta biyo. Ƙa'idojin sun yarda cewa shukar da babu baƙuwar ƙwayar halitta a jikinta ana iya raba ta da dokar GMO. Abin da ya haɗiye bai faɗa ba shi ne, ba mai iri ne ke yanke wannan hukunci ba. Wanda ya yi gyaran shi zai kai bayanansa gaban hukumar, a duba, a ba shi amsa a rubuce. Bayan haka ma sai irin ya bi ta kwamitin da ke yi wa sababbin iri rajista, sannan hukumar kula da ingancin iri ta liƙa masa tambarinta.

Sati biyu da taron, mota ta sauke fararen buhuna a sito. Dawa ce, an rina ta da jan maganin iri. Aka ce an gyara ta, ƙuduji ba ya kama ta. Na juya buhu gaba da baya, babu tambari, babu lambar nan da ake kankarewa a tura ta waya, babu sunan wanda ya noma irin. Na shiga ofishin shugaba.

"Yallaɓai, takardar irin nan fa?"

Bai ɗago daga wayarsa ba. "Malam, kai ne Abuja? An ce maka ba GMO ba ne, wace takarda kuma? Hadari na haɗuwa kana neman takarda."

Na ce Allah ya huci zuciyarka, na ja ƙofa. Wannan ne kuskurena na farko, kuma shi ne ƙarami.

Wanda bai taɓa noman tudu ba ba zai gane abin da sunan ƙuduji ke yi wa zuciyar manomi ba. Irinsa kamar ƙura yake, yana iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara goma, ba ya tsira sai ya ji wani sinadari da saiwar dawa ko gero ke fitarwa. Da ya ji sai ya kama saiwar ya yi ta tsotsa a ɓoye. Ranar da ka ga jan furen nan mai sirkin shuɗi a kan kunya, aikin gama ya riga ya gama. Na kuma karanta a wayata cewa masana a Jami'ar Kenyatta ta Kenya suna gyara dawa don saiwarta ta daina tada shi. Aikin gaskiya ne, a ɗakin bincike, a hannun masu shi. Ni ne na haɗa wancan labari da buhunan sitonmu, don ina son su haɗu.

Ƙauyen da na kai dawar yana gabas da birni, in ka bar titin Wurno ka gangara. Akwai wani dattijo a can da in bai karɓi iri ba babu mai karɓa. Ya ɗebi dawar a tafinsa, ya tofa mata yawu ya murza har jan ya fita, ya daɗe yana kallon ƙwayar.

"Malamin gona, wanga iri ɗan ina na?"

Na ce, "Baba, na bincike ne. An gyara shi."

"Kai ka shuka shi da hannunka kag gani?"

"Ban shuka ba, Baba. Amma na tsaya masa."

Kalma uku ke nan, na tsaya masa. Da su ya ba dawar gonarsa ta bayan gida, wadda ta sha takin awaki tun rani, wadda kullum ita ke ciyar da gidan har bazara. Mutum sittin da wani abu suka bi shi.

A cikin marka babu gonar da ta kai tamu kyau. Kara kamar rake, ganye shar, ta fi mahayin raƙumi tsawo. Shugaba ya kawo baƙi da motoci uku, aka yi hotuna, aka sa a rahoton wata uku. Da Satumba ta kama, dawar maƙwabta ta yi ciki ta fid da kai, tamu tana ta ƙara ganye. Dattijon ya aiko a ce mini dawata ta ƙi aure. Na yi dariya a lokacin. Ruwa ya ɗauke, ƙasa ta fara tsagewa, sai can cikin Oktoba ta fara fid da zangarniya, in ka murza ta a hannu ƙaiƙayi ne zalla. Ƙuduji kuwa ya yi furensa a gindinta hankali kwance, kamar a kowace gona.

Wani abokin karatuna mai aikin bincike ya zo ya duba. Bai yi minti biyar a gonar ba ya ce wannan doguwar dawa ce ta ƙasashen da ruwansu ke kaiwa Oktoba, irin mai jiran rana ta gajarta kafin ta yi fure. A can ita ce sarauniya, a Sakkwato mai damina wata uku zuwa huɗu kara kawai za ta ba ka. Na tambaye shi ko za a iya gwada ta a ga an gyara ta ko ba a gyara ba. Amsarsa ita ce abin da ya fi komai amfani da na koya a wannan aiki. Ya ce waken Samaru in ka dandaƙa ganyensa ka tsoma ɗan tsinken gwaji, layi zai fito kamar na gwajin zazzaɓin cizon sauro, don akwai baƙon abu a jikinsa da tsinken ya sani. Wanda aka zare wa zare ɗaya kuwa babu baƙon da za a kama. Sai mai gyaran ya gaya maka daidai wurin da ya taɓa kafin ɗakin gwaji ya san inda zai duba, kuma irin wannan canji yana iya faruwa da kansa a gona ba tare da hannun kowa ba. Ke nan duk ɗan kasuwar da ya rina dawa ja yana iya cewa an gyara ta, ba ka da abin ƙaryata shi a nan take. Abin da kake da shi kawai ita ce takardar da na nema aka ce ni ba Abuja ba ne.

Aka kafa kwamiti. A gabansu shugaba ya ce shi ya ba ni irin ne don gwaji a ɗan fili, ni na yi gaban kaina na raba. Fom sittin da wani abu, kowanne da sa hannuna. Nasa babu ko a ɗaya. Hotunan da ya ɗauka da baƙinsa cikin dawar kuwa ba wanda ya tuna da su, ni ma da na tuna aka ce ba shi aka zo tattaunawa ba. Aka ba ni takardar neman bahasi, aka riƙe ƙarin girmana, aka mai da ni sito shekara biyu ina ƙirga buhuna. Shi yanzu ya yi gaba. Kwanaki na ji muryarsa a rediyo yana jan hankalin manoma su guji irin da ba shi da rajista, kuma wallahi ya iya bayani.

A siton ne na zauna na karance ƙa'idojin nan cikin dare biyu, abin da ya kamata in yi tun ranar da ya dawo daga taro. Ba ni da faɗa da fasahar, ko yanzu aka kawo dawar da ta bi hanya, da sunanta da tambarinta, kuma aka gwada ta a ƙasa irin tamu, ni zan fara shuka ta. Manya can suna ta gardama: kotun Tarayyar Turai ta ce a 2018 gyararriyar shuka GMO ce a idon doka, Ingila ta yi dokarta a 2023 ta ware ta daban. Tamu dokar ba ta da laifi a takarda. Laifinta tana zaune a Abuja cikin Turanci, alhali iri yana tsallaka Illela zuwa Ƙonni ya dawo a bayan babur ba mai tambayarsa. Manomi kuma da waken Samaru, da masarar TELA da aka saki a farkon 2024 aka yi ta hayaniya a kanta, da dawar da aka rina a bayan kasuwa, duk sunansu ɗaya a bakinsa: irin gwamnati. Da ɗaya ya ci amanarsa, duka ya yi wa kuɗin goro. A ƙauyen nan bayan dawar, waken da ya yi musu rana ma sai da wasu suka daina karɓa.

Sauran shawarwarina ga yaran bana ba su da tsawo. Umarnin da aka ba ka da baki, ka mai da shi saƙon waya ka tura wa mai shi, ka ce yallaɓai haka ka ce ko? Sabon iri ka fara ba shi kunya biyar a gefen gona, kada ka bari kowa ya ba shi gonar bayan gida. Ka ajiye tambarin buhu da ɗan mudu na irin a kwalba har kaka ta wuce. Kada ka shiga hoto da baƙi a watan Agusta.

Ran Talata na je sallama ƙauyen. Tun shekarar dawar dattijon bai sake karɓar ko ƙwaya ɗaya daga hannuna ba, geron kakanninsa yake shukawa, wanda yake ratayewa a saman rumbu. Amma bai taɓa hana ni tabarma ba. Ya sa aka dama fura, muka sha, na ce masa za a turo wani yaro a madadina. Ya goge bakinsa da hannun riga ya ce, "To, Allah shi kawo shi lahiya. Shi ma yana da iri?"

Na ce yana da shi, Baba.

Ya ce, "Ka ce mishi shi zo da fartanya. Akwai kunya biyu can bakin rijiya, shi fara shukawa mu gani."