Asabar ɗin gyaran sharar madafa

Marwa, Asabar da dare.

Zafin bana ya kai inda duk abin da aka jefa a bokitin shara da hantsi, kafin la'asar ya fara wari. Ga shi lokacin mangwaro ne, yara na sha suna watsar da ɓawo da ƙwallo, ƙuda kuwa ya cika bayan madafa har mutum ba ya son wucewa. Tun jiya na gaya wa Baban yara cewa yau ba wanki, ba zuwa kasuwa, wannan lungun zan sa a gaba.

Bayan an sha koko na shimfiɗa tsohon buhu a inuwar darbejiya, na kife bokitin a kai don in ga ainihin abin da muke zubarwa. Ɓawon albasa da na tumatir, ƙanzon tuwon jiya, toka, rairayin da aka sharo daga tsakar gida, takardun Maggi, ledar mai, ledar gishiri, gwangwanin tumatir da ruwa kwance a cikinsa, batiran tocila da suka fara fitar da farin gari, da guntun kofin gilashi da ya fashe ranar Laraba. Ruwan wanke-wanke da wani ya tuttula a ciki ya haɗe su duka sun zama curi guda. Da na tsaya na duba, sai na ga nauyin bokitin toka ce da rairayi, warin daga jiƙaƙƙen abinci yake, cikar kuma gorunan ruwa da leda ne. Kowanne shi kaɗai ba ya damun kowa. Haɗuwarsu ce ke jawo mana wahala.

Inna, mahaifiyar Baban yara, tana zaune a tabarma tana kallona. Can ta ce, "'Yar nan, me kike nema a cikin bola?"

Na ce, "Inna, so nake in ba kowane abu wurinsa, ko ƙudan nan zai ragu."

Ta ce a zamaninsu ba abin da ke fita daga gida da sunan shara. Ƙanzo na kaji ne, dusa da ɓawo na awaki, toka a tace a yi ruwan miya da ita ko a kai gona, ganyen da aka ƙunso daddawa a ciki ya ruɓe a ƙasa, ƙwarya in ta fashe a ɗinke ta. Na yarda da ita ƙwarai. Tsarin da nake ta tunani a kai, su sun daɗe da shi. Abin da ya shigo daga baya, wanda akuya ba ta narkarwa kuma ƙasa ba ta ci, shi ya rikita mana lissafi har muka koma tara komai wuri guda.

Na fara da jiƙaƙƙen. Na wanke babban bokitin fenti mai murfi, na barbaɗa toka a gindinsa, na ajiye shi dab da inda nake yankan kayan miya, don in ya yi nisa da hannu ba wanda zai tashi ya kai. Kusa da shi ƙaramin daro na awaki: ɓawon dankali, na kankana, na mangwaro, ganyen da aka tsince. Wannan ba ya kwana, da yamma a kai musu. Ɓawon rogo kaɗai na ware, sai ya sha rana ya bushe, domin ɗanyensa na iya kashe dabba. Ƙaya da hanjin kifi ba sa shiga ko ɗaya, su ke kiran ɓera da kyanwa, a ƙulle su daban a fitar a ranar. Toka na ba ta tsohuwar tukunyar ƙarfe da hannunta ya karye. Garwashi kan ɓuya a cikin toka har wayewar gari, ba a zuba ta a roba.

Gorunan ruwa na Tangui da na lemo na ɗauraye, na kife su suka tsane, na zuba a buhu na rataye a ƙusa. Maƙwabciyarmu mai sayar da zoɓo da kunun aya ta leƙo da azahar ta kwashe masu murfi, tana ta godiya, ta ce kullum nema take. Na gaya mata guda biyu na huda su da wuƙa da gangan, domin ɗaya an taɓa sayo man babur a cikinta a bakin hanya, ɗayar kuma ƙanin Baban yara ya zo da ita daga ƙauye da ragowar maganin feshin auduga. Irin waɗannan ko an wanke ba a yarda da su ba, kuma in an bar su lafiya wani zai tsinta ya zuba abin sha. Gwangwanaye na bubbuga su suka lotse don kada su tara ruwa sauro ya samu wurin haihuwa in damina ta sauka. Su da tsofaffin cokula da murfin tukunya suna jiran yaran nan masu yawo da kura suna sayen ƙarfe. Na alminiyam maƙera ke narkarwa su zuba tukwane, irin wadda nake tuƙa tuwo a ciki. Batir da fasasshen gilashi da reza na sa su a gwangwanin Nido mai murfi, na ɗora saman katanga inda hannun auta ba ya kaiwa.

Sai leda. A nan na daɗe.

Na ware masu kauri da za a iya sake zuwa kasuwa da su, na ninke na cusa a wata gora da na yanke wa kai. Sauran, baƙaƙen nan marasa ƙwari da ke yagewa tun kafin a iso gida, ba su da wani amfani na biyu. Tun 2012 gwamnatin Kamaru ta sa hannu a dokar hana irin wannan leda da kaurinta bai wuce mikron 60 ba, ta fara aiki a 2014, kuma a Njamena ma an hana ta a 2010. Amma yau in ka sayi barkonon dala biyar, a leda za a miƙo maka. Shekaranjiya da na hau babur na bi ta gadar Mayo Kaliao, rairayin kogin a bushe, leda ta lulluɓe gefensa ta maƙale a kowace ƙaya. Ruwan farko in ya zo, wata zai tafi da ita, wata ta toshe magudana ruwa ya koma gidajen mutane. Mahauta kuma sun sha ciro dunƙulen leda daga tumbin akuya. Wannan abu yana ci mini rai, domin da hannunmu muke karɓowa. Na ɗauko kwandon kaba da ke rataye a ɗaki ba a amfani da shi, na sa robobi biyu masu murfi a ciki na mai da na niƙa, na ce wa babbar 'yata daga yau da shi za a je cefane.

Inda muka ɗan ja da Inna shi ne hura gawayi. Ta saba ɗora guntuwar leda ta kunna, ta ce ya fi saurin kamawa. Na ce, "Ku yi haƙuri Inna, hayaƙin nan ne ke sa ku tari, kuma a kansa muke ɗora abincin yara." Na kawo mata ɓawon gyaɗa da yagaggen kwali da karan dawa na tara a kwando kusa da murhu. Ba ta ce ta yarda ba, amma da magariba na ga da kwalin ta hura.

Wajen ƙarfe biyar muka ji hon ɗin motar HYSACAM, kamfanin kwashe shara, daga bakin titi. Da can yara biyu ke kinkimar bokitin suna ɗigar da ruwa a zaure. Yau ƙunshi ɗaya ne, yaron ya riƙe da hannu guda ya ruga. Baban yara da ya dawo ya leƙa lungun ya ce, "Ashe wurin nan na da faɗi haka."

Saura ramin taki. Na nuna wa ƙanin nasa wurin, can ƙarshen gida nesa da rijiya. Za mu riƙa juye bokitin fentin a ciki, a rufe da toka da busasshen ganyen darbejiya, a yayyafa ruwan wankin shinkafa don a wannan zafin in ba danshi ba ya ruɓewa, bushewa kawai yake. Wani ɗan'uwansu na noman albasa a Meskine, ya ce in takin ya nuna zai zo ya ɗiba, ni kuma ina son kaɗan don gindin zogale. Ƙanin Baban yara ya yi alkawarin zuwa da diga gobe bayan asuba, kafin rana ta yi zafi.