Ƙauyen da sarki ya biya bashin albashi da shi

A can gabashin Poland, lardin Podlaskie, dab da iyakar Belarus akwai wani ɗan ƙauye sunansa Kruszyniany, daga birnin Białystok tafiyar kamar kilomita 50 ce. Gidajen katako ne da gonaki ga daji ko ta ina, sai kuma masallaci, eh masallaci a ƙasar da yawancin mutanenta ƴan Katolika ne.

Asalin abin bashi ne fa. Tatar musulmai ne mahaya doki, tun ƙarni na 14 suke zaune a ƙasar Lithuania suna yi wa sarakunan yankin yaƙi, to da aka daɗe ba a biya su albashi ba ga kuma takura da ake musu sai wasunsu suka yi tawaye a 1672 suka koma ɓangaren Daular Usmaniyya ta Turkawa. Sarkin Poland da Lithuania Jan Sobieski ne ya lallaso su suka dawo, kuɗi kuwa babu a baitulmali, sai a 1679 ya ce ga ƙasa nan ku riƙe a madadin kuɗinku, Kruszyniany da Bohoniki na cikin ƙauyukan da aka ba su. Ni dai a ganina ba karamci ba ne, ya san darajar dakarunsa ne kawai, kuma ya ci riba don a 1683 suna cikin rundunar da ya kai birnin Vienna na Austria, suka yaƙi Turkawa ƴan uwansu musulmi. Nan kam kowa da yadda zai kalli lamarin.

Masallacin da ke tsaye yanzu na ƙarni na 18 ne ko farkon na 19, katako zalla, fentinsa kore, daga nesa wallahi sai ka rantse coci ne irin na ƙauyukan wurin, ƙofar maza daban ta mata daban, maƙabartarsu kuma na can cikin bishiyoyi kusa da shi. Yarensu na Tatar tuni ya ɓace musu amma addinin bai ɓace ba, har littattafan addini suka riƙa rubutawa da yaren Poland da na Belarus cikin haruffan Larabci, ajami kenan dai.

Yanzu Tatar ɗin da suka rage a ƙauyen ƴan tsiraru ne, yawanci sun koma birni, sai lokacin sallah suke cika wurin. Yarima Charles na Ingila ma ya leƙa masallacin a 2010.